Baba Nomau Mai Kankana da Taken da Ya Ƙi Ƙarewa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaye a bayan mota a kasuwar Aziziya ta birnin Riyad, da buhun albasa a kafaɗa, wayata ta yi ƙara. Da na ga sunan Alhaji Gambo sai na san ba lafiya ba, domin Alhaji ba ya kiran mutum da hantsi haka kawai. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Lawwali, sai haƙuri. Nomau lokaci ya yi, yanzun nan a asibiti." Na sauke buhun na zauna a kansa. Tulin kankanar da aka kawo da asuba yana gabana, na zuba masa ido, na ce a raina, to yau wa zai gaya mana wadda ta nuna?

Marigayi Baba Nomau mutumin Mirya ne, kusa da Damagaram, ya kuma haura shekara ashirin a Riyad. Da na zo daga Tasawa ban san kowa ba, shi ya matsa mini gefen katifa a ɗakinsa na unguwar Shifa, shi ya kai ni wurin kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa yake aiki a ƙarƙashinsa, ya ce ni ƙanensa ne, alhali ko sunan ƙauyenmu bai taɓa ji ba. Ban taɓa ganin ya ci abinci shi kaɗai ba. Lemo da ayabar da suka ɗan ƙuje yakan ware su a kwali, ranar Alhamis ya aika wa ɗalibanmu na jami'a, ya ce masu karatu cikinsu ba ya tambayar fatar ayaba. Da asuba shi ke bin ƙofofi yana tashin mu salla, kuma kowace ƙofa da irin bugunta. Tawa ƙofar bugun raini yake yi mata, don ya ce ni barcina na mutanen da ba su da niyya ne.

Sana'arsa zaɓen kankana. Zai ɗora ta a tafin hagu, ya ƙwanƙwasa da yatsun dama, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma, sannan ya yanke hukunci. Larabawa layi suke yi a gabansa suna cewa, "Ya hajji, shuf li wahda," wato ya duba musu guda. Yakan ce, "Kankana ba ta ƙarya, mai sayar da ita ne ke yi mata." In kuwa aka dawo da wata fara fat a ciki, ba ya taɓa yarda ya yi kuskure. Sai ya dube ta da ɓacin rai ya ce, "A hannuna ja ce. A hanya ta canza ra'ayi."

Sai da muka shekara tare na san inda yatsun nan suka samo hikimarsu. Baba Nomau makaɗi ne, ɗan makaɗi, jikan makaɗi. Gidansu su ne masu kalangun Sarkin Fawan Mirya, su ke kiɗa ranar kasuwa gari ya san an yi yanka, kuma kowane namiji a gidan Sarkin Fawa yana da takensa da aka yi masa tun yana yaro. Ya taho Saudiyya da kalangunsa, ya kwance fatar da tsarkiyar ya cusa cikin kaya, ya bar icen tsirara. Ma'aikacin filin jirgi ya juya icen ya tambaye shi mene ne wannan. Baba ya ce turmin daka yaji ne. Mutumin ya leƙa ya ga rami ya zarce har ƙasa, ya ce wane irin turmi ne ba gindi. Baba ya ce shi ya sa ya taho da shi, ko za a samu mai gyara.

Wanda ya tarbe shi a Riyad shi ne Alhaji Gambo, ɗan Sarkin Fawan da kansa, wanda ya riga shi zuwa, yana harkar nama. Alhaji ya zama mutumin kirki mai kamun kai, ya tsayar da gemu, ba ya fashin darasin hadisi, in liman ya yi tafiya shi ke jan mu salla a ƙaramin masallacin layinmu. Ranar farko ya ce masa, "Nomau, nan ba gida ba ne. In aka ji ƙarar abin nan, za a fasa shi, kai kuma a sa ka a jirgi. Ni ma na tuba da waɗannan abubuwa. Kada ka ƙara yi mini zancen take." Baba ya ce, "To, ɗan sarki." Ya sa kalangun a buhun shinkafa ya ɗora a saman kwaba. Sai dai duk Babbar Salla Alhaji kan aiko masa da fatar ɗan akuya, mai laushi, an jeme ta da kyau, ba ya cewa ta mece ce, Baba kuma ba ya tambaya. Ya rufe ƙofa ya sake wa kalangun fata, ya shafa shi, ya mayar cikin buhu ba tare da ya buga ko sau ɗaya ba. Ranar Juma'a in sun zauna gaisawa, ina ganin yatsun Baba suna motsi a kan gwiwarsa ta ƙarƙashin riga, Alhaji kuwa sai ya ɗauke kai yana jan carbi da sauri.

Baba ne ya koya mini ƙa'idar gidansu. Makaɗi in yana rataye da kalangu ya hangi ɗan gidan ubangidansa, dole ya gaishe shi da takensa. In kuma ya ɗauko take, ba ya ajiye shi sai mai shi ya amsa da kirari. Makaɗin da takensa ya faɗi ƙasa ba amsa, wuƙa yake sa wa ya yanke tsarkiyar kalangunsa, shi da kiɗa har abada. Ya ce ƙanen kakansa haka ya yi, ya ƙare rayuwarsa yana saƙar tabarma, ba ya ko zuwa biki. Ina jin wannan a lokacin kamar tatsuniya.

Bara da sanyi, bayan hukuma ta buɗe ƙofar kaɗe-kaɗe a bainar jama'a, aka shirya wani biki na kiɗan da ake kira jaz a wani fili mai ciyawa a gefen gari. Alhaji Gambo ya tara mu a ƙofar masallaci ya yi mana nasiha mai ratsa jiki, ya rufe da cewa, "Kada in ji an ce an ga ɗan Nijar a wurin nan." Muka ce in sha Allahu. Washegari kafilinmu ya ce mu loda kankana da lemo da na'ana'a mu kai wa masu sayar da abin sha a filin bikin. Baba ya ce ai nasihar ba ta haɗa da kankana ba.

Muna sauke kaya a bayan dandamali, makaɗan suna gwaji. Akwai wani dattijo baƙar fata daga Amurka, shi ne shugabansu, yana busa wani ƙahon tagulla mai lanƙwasa kamar lofe. Akwai mace mai fiyano, da wani mai ganguna da faya-fayan ƙarfe, da wani ɗan Senegal mai suna Usmanu da ke rungume da ƙaton goge wanda ya fi shi tsayi, yana tsinkar igiyoyinsa da yatsa. Gaskiya mutanen sun iya. Baba ya tsaya da kankana a hannu yana saurare, bai san lokacin da ya fara raka su a jikinta ba. Ya ajiye ta ya ɗauki wata mai zurfin murya, ya jera guda uku a kan kwali, ya shiga aiki da hannu biyu. Sai kawai muka ji ƙahon ya yi shiru. Dattijon ya zagayo yana neman inda sautin ke fitowa, ya tarar da tsoho cikin rigar aiki yana dukan kayan marmari.

Usmanu ya zama tafinta, da Faransancin Baba na kasuwar Damagaram. Da suka ji yana da ganga ta gaske a gida, dattijon ya ce lallai gobe ya hau dandamali tare da su. Baba ya tambaya, "Kiɗan wa za mu yi?" Usmanu ya ce ba na wani ba ne, na kowa ne. Baba ya dube ni ya ce da Hausa, "Ka ji fa. Mutum ya tsufa yana busa, bai taɓa kiran sunan kowa ba. Bawan Allah, ashe maraya ne." Suka yi masa bayanin tsarinsu: kowa ana ba shi fili ya nuna gwanintarsa shi kaɗai, in shugaba ya gyaɗa maka kai ka fara, in ya sake gyaɗawa ka tsaya, wani ya karɓa. Baba ya ce wannan mai sauƙi ne. A hanya na tuna masa ƙa'idar gidansu. Ya ce, "Na riga ka tunani, ɗan Tasawa. Taken matattu zan yi. Su ba a jiran amsarsu."

Washegari bayan la'asar ya fito cikin babbar rigarsa ta salla, kalangu a hammata, da gula, sandar nan mai lanƙwasa, a hannun dama. Ni ina gefen dandamali riƙe da buhun shinkafa, don ya ce kada ya ɓace. Filin ya cika da iyalai a zaune kan ciyawa. Aka fara. Mai fiyano ta yi nata aka tafa, mai ganguna ya yi nasa aka tafa. Baba yana ta waige yana mamakin yadda ake tafa wa mutum ba wanda ya taso ya liƙa masa ko riyal. Sannan dattijon ya juyo ya gyaɗa masa kai.

Na sha jin kalangu a gida, amma ban taɓa jin wanda aka ɗaure wa baki shekara ashirin aka kwance ba. Ya ɗauko taken Sarkin Fawa na farko, ya bi da na ɗansa da ya gaje shi, dukansu matattu, yana matse tsarkiya da hammata, ganga tana magana kamar mutum. Ina cikin share ido sai na ga kansa ya tsaya cak, yana kallon gefen fili inda hayaƙin masu gasa nama ke tashi. A can akwai wani mutum da ya naɗe fuskarsa da jan rawani irin na Larabawa har ido, yana wasa wuƙa a kan wata wuƙar, ta baya, da hannun hagu. Duk duniya gida ɗaya ne ake wasa wuƙa haka. Ashe mai gidan abincin da ke gasa naman wurin Alhaji Gambo yake saye, kuma ranar yaron Alhaji bai zo ba, dole ya zo da kansa.

Kiɗan ya juya. Na gane shi nan take, shi ne wanda yatsun Baba ke yi a kan gwiwa duk Juma'a.

Dattijon ya ga lokaci ya yi, ya gyaɗa kai. Baba bai ko dube shi ba. Ya sake gyaɗawa, ya matso ya gyaɗa a gaban idonsa, ya yi ta gyaɗawa har hularsa ta faɗi. Usmanu ya sunkuyo ya ce masa da Faransanci ya isa haka. Baba ya ce, "Ba a amsa ba." Wani mai kula da dandamali, da abin magana a kunne, ya zo ya kama ni yana cewa, "Kalas, gaya masa kalas," wato ya isa haka. Na ce ba zai iya ba. Ya ce ba shi da lafiya ne? Na ce lafiyarsa lau, gado ne. Na ɗaga kai na ga rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. A Riyad da an kira magariba kowace ƙara sai ta tsaya, ko ta wane ne. Sai na tuna akwai 'yar wuƙar yanka kankana a aljihun rigar nan.

Su kuwa makaɗan, da yake gwanaye ne, da suka ga ba za su iya tsayar da shi ba sai suka bi shi. Usmanu ya kama taken a ƙaton gogensa. Mai fiyano ta shigo. Dattijon ya ɗauki hularsa, ya saurara kaɗan, ya sa ƙaho a baki ya fitar da taken daidai, har da 'yar lanƙwasar ƙarshe. Sai ga mutanen ƙasa huɗu, ta cikin lasifikoki masu girman ɗaki, suna kiran Gambo ɗan Sarkin Fawan Mirya, ba wanda ya sani a cikinsu sai mutum ɗaya.

Na ratsa ta cikin jama'a da buhuna na isa wurin gashi. Na ce, "Alhaji, ku ne?"

Ta cikin rawani aka ce, "Ba ni ba ne."

Na ce, "Alhaji, magariba ta kusa."

Ya ce, "Na ce maka ba ni ba ne, Lawwali."

Nama yana ƙonewa a gabansa bai juya ba. Na dubi ƙasa na ga ƙafarsa ta dama tana bin kiɗan, ta hagu tana taka ta don ta daina. Ya ce a hankali, "Shekaranjiyan nan na yi wa mutane wa'azi. In na buɗe baki a nan, da wane ido zan ja salla?" Na ce, "Wannan tsakaninku da Allah ne, Alhaji, ni ba malami ba ne. Amma kun fi ni sanin abin da zai yi wa kalangun nan in aka kira salla bai ji amsa ba. Kuma fatar da ke jikinsa, kun san inda ta fito."

Alhaji ya kalli dandamali, inda tsohon nan ya jiƙe sharkaf da gumi, idonsa kuma bai bar kanmu ba. Sai Alhaji ya ce, "Astagfirullah," ya fizge rawanin, ya ɗaga wuƙa sama, ya buɗe muryar da ban san yana da ita ba:

"Sai ni Gambo na Hajara, jikan mai wuƙa biyu! Ni ke yanka da safe Mirya ta ƙoshi kafin azahar! Tsohon sa ya gan ni ya yi sallama da 'ya'yansa!"

Ɗan Pakistan ɗin da ke taya shi gashi ya shige ƙarƙashin tebur. Masu gadi biyu suka taho a guje, don sun ga mai gemu da wuƙa a sama yana ihu. Na tare su ina ta rantsuwa da guntun Larabcina cewa al'ada ce, gaisuwa ake yi. Jama'a kuwa suka ɗauka cikin shirin ne, suka miƙe tsaye suna tafi, wasu suna ɗaukar Alhaji a waya. A kan dandamali Baba Nomau ya ɗaga gula, ya sauke bugun rufewa, ya juya ya dubi dattijon mai ƙaho, ya gyaɗa masa kai, wato yanzu ya ba shi izini. Dattijon bai kai ga sa ƙahon a baki ba aka kira salla.

Bayan an idar, dattijon ya zo ya rungume shi, ya sa Usmanu ya tambayi sunan wannan kiɗa. Baba ya ce, "Sunansa Gambo." Ya tambaya ko zai yarda ya riƙa busa shi in ya koma ƙasarsu. Baba ya yi tunani sosai, sannan ya ce, "Gaya masa ba rowa nake yi ba. Amma sai dai ya tafi da Alhaji, in ba haka ba in ya fara ba shi da ranar tsayawa."

A mota ɗaya muka dawo Shifa. Alhaji ya yi mako guda yana salla a sahun baya. Ranar Juma'a sai ga shi da cinyar rago a leda, wato rabon da mahauci ke ba makaɗinsa tun zamanin kakanni. Ya ajiye a gaban Baba ya ce, "Wannan ba na kiɗa ba ne. Sadaka ce." Baba ya ce, "Allah Ya karɓa, ɗan sarki." Sadakar nan ba ta yi fashi ba har Juma'ar da aka kwantar da shi a asibiti. Kalangun kuwa ya koma buhunsa da tsarkiyarsa lafiya, bai sake fitowa ba, Baba ya ce an amsa masa, me kuma yake nema.

Ni ba zan yanke hukunci kan kiɗa ba, malamai suna nan. Abin da zan shaida a gaban Allah shi ne na zauna da mutumin nan shekaru, ban ga ya bar salla ta wuce shi ba, ban ji ya ci naman wani ba, ban ga ya sayar wa marar ido ruɓaɓɓen kaya ba. Ina kewarsa ƙwarai. Yau da asuba na farka da kaina kafin kiran salla, na kwanta ina jiran a yi wa ƙofata bugun raini.

Alhaji Gambo yana cikin waɗanda suka yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi a maƙabartar Nasim. Da muka dawo ɗaki ya ce in sauko masa da buhun shinkafar nan. Na ɗauka zai ce a ƙona. Ya zaro kalangun, ya shafa fatar da tafin hannu, ya ɗan taɓa ta da yatsa sau ɗaya. Sannan ya ce, "Lawwali, a garin nan kowa Alhaji yake ce mini. A iƙama ma, katin zaman ƙasa, wani suna aka rubuta. Mutum ɗaya ne ya san yadda ake kirana a gidanmu, kuma yanzu muka rufe shi." Hawaye yana bin gemunsa bai share ba.

Ya ce shi da kansa zai kai kalangun Mirya, ya danƙa wa Ibbo, babban ɗan marigayi. Na ce to in an tambaye ku a filin jirgi fa, turmi za ku ce? Ya mayar mini da buhun, ya rataya kalangun a kafaɗa. Ya ce, "Kalangu zan ce."

Ya Allah, bawanka Nomau ya zo gare Ka baƙo, daga ƙasar da ya zauna baƙo. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka ba shi ikon amsa tambaya kamar yadda ya so a amsa masa. Ka sa abincin da ya ciyar da ɗalibai da baƙi ya zame masa haske. Ka ba matarsa Inna Rabi da Ibbo da ƙannensa haƙurin wannan rashi, Ka zame musu gata a bayansa, Ka raka Alhaji Gambo gida lafiya da amanar da ya ɗauka. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.